Tsohuwar Rawa da Sabuwa a Dare Guda: Sharhi a Kan Ƙungiyar Bale ta Birmingham

A cikin watan Yuni na shekarar 2023, ƙungiyar rawar bale ta birnin Birmingham da ke tsakiyar ƙasar Ingila, wadda ake kira Birmingham Royal Ballet, ta gabatar wa jama'ar garinta raye-raye uku a zama guda cikin babban gidan wasan nan na Hippodrome, waɗanda in mutum ya dubi zahirinsu sai ya rantse babu abin da ya haɗa su face dandamalin da aka taka su a kansa. Ta farko, Apollo, an ƙage ta a Faris tun 1928; ta biyu, Interlinked, shekararta guda kacal da fitowa a lokacin; ta uku kuwa, 'Still Life' at the Penguin Café, ta 1988 ce, kuma 'yan rawarta fuskokin dabbobi suke sawa. Irin wannan shiri, wanda ake jera aikin magabata da na 'yan zamani a raba tsakaninsu da ɗan hutu, ya daɗe yana jawo saɓani a wurin ma'abota wannan fanni, domin masu riƙon tsohon tafarki gani suke an gauraya musu abin da suka biya kuɗi don su kalla, masu son sabon abu gani suke an ɗaure sabon da igiyar tsohon, masu riƙe da asusun ƙungiya kuma, waɗanda ba a cika jin muryarsu ba alhali hukuncinsu ne yake zartuwa, sun sani tun kafin a buɗe ƙofa cewa wasu kujeru za su kwana babu kowa. Ra'ayina shi ne cewa wannan shiri mai wuyar sayarwa shi ne mizanin da ake auna ran ƙungiya da shi, musamman ƙungiyar da ba a babban birnin ƙasa take ba, kuma ranar da ta daina yin sa, to daga ranar ta fara mutuwa ko da asusunta ya cika.

Wajibi ne in faɗi abu guda tun da wuri. Wannan rawa ba al'adarmu ba ce, kuma hukuncin cuɗanyar maza da mata da irin suturar da ake yin ta da ita sananne ne a wurin malamanmu, ba shi na zauna tattaunawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wata al'umma take riƙon fannin da ta gada fiye da shekara 400, yadda take miƙa shi daga malami zuwa almajiri, da yadda take sasanta taƙalidi da ijtihadi a cikinsa, wanda kuwa mas'ala ce da ba ta ƙyale ma'abocin wani ilimi ko wata sana'a ba.

Asalin bale daga fadojin sarakunan Italiya ya taso, ya ƙaura zuwa Faransa, inda a 1661 Sarki Luwi na 14, wanda shi kansa gwanin rawa ne, ya kafa mata makaranta ta sarauta, malamin rawarsa Pierre Beauchamp kuma ya tsayar da tsayuwar ƙafa guda biyar waɗanda har yau da su kowane yaro yake fara darasi, ko a Mosko yake ko a Habana. Usulin fannin shi ne juya ƙafa waje tun daga ƙugu, da miƙe gadon baya, da ɓoye wahala, da nuna wa mai kallo kamar jiki ba shi da nauyi, har ta kai mata suna tsayuwa a kan ƙarshen yatsun ƙafa cikin takalmin da aka ƙarfafa bakinsa da yadi da takarda da manne, wanda gwana takan cinye shi a wasa guda. Wannan tafarki ya kai maƙura a hannun wani Bafaranshe, Marius Petipa, da ya zauna a St Petersburg ta Rasha fiye da rabin ƙarni, wanda shi ya tsara Sleeping Beauty a 1890, kuma shi da mataimakinsa Lev Ivanov suka sake gina Swan Lake a 1895 bisa kiɗan Tchaikovsky.

To, a nan akwai abin lura wanda duk wanda ya yi karatun zaure zai gane shi nan take. Rawa ba kamar littafi take ba da za a ajiye a kanta a dawo bayan shekara 100 a tarar da shi yadda aka bar shi. Matanin rawa a jikin mutum yake, in mutumin ya tsufa ko ya mutu bai koya wa wani ba, matanin ya tafi. Saboda haka wannan fanni da isnadi yake tafiya, kamar yadda almajiri yake karɓar littafi daga bakin malaminsa, malamin daga nasa malamin, har a dangana ga mawallafi. Ga silsilar mutanen Birmingham. Bayan juyin juya halin Rasha, wani jami'in gidan rawar St Petersburg mai suna Nikolai Sergeyev ya fito daga ƙasar a 1918 ɗauke da takardun da aka rubuta raye-rayen Petipa da wasu alamomi na musamman, takardun da yanzu suke ajiye a jami'ar Harvard ta Amurka. Ya zo Landan ya koyar da su ga 'yan rawar Ninette de Valois, matar da ta kafa ƙungiyar Vic-Wells a 1931. Daga wannan ƙungiya aka cire reshe na biyu a 1946 mai yawon garuruwa, shi ne kuma reshen da ya tare a Birmingham a 1990 ƙarƙashin Peter Wright. Ashe duk lokacin da yarinya ta ɗaga hannu a Swan Lake a kan dandamalin Hippodrome, riwaya ce take bayarwa mai sanadi zuwa ga Petipa, duk da cewa kowane mai riwaya a tsakani ya ƙara ya rage. Wanda ya san nauyin wannan amana ba zai raina masu tsoron sabon abu ba, ni ma ban raina su ba.

Amma tun farkon ƙarni na 20 aka sami waɗanda suka yi wa wannan usuli tawaye. Isadora Duncan ta tuɓe takalmi ta taka ƙasa da tafin ƙafarta. Martha Graham, wadda ta kafa ƙungiyarta a New York a 1926, ta gina tata hanyar a kan numfashi, wato tsuke ciki da sakinsa, ta mai da faɗuwa ƙasa wani babi na fasaha bayan da can aibi ne. Bale tana neman sama, rawar zamani tana neman ƙasa, kuma an daɗe kowane ɓangare yana ganin ɗayan a kan ɓata yake.

Abin da masu kukan an gauraya musu gado suke mantawa shi ne cewa gaurayawar ita kanta gado ce, kuma ta girmi ƙungiyar tasu. Sergei Diaghilev, wanda ya kawo 'yan rawar Rasha Faris a 1909, shi ya yaɗa al'adar jera gajerun ayyuka uku ko huɗu a dare guda maimakon doguwar hikaya ɗaya. Daren 29 ga Mayu 1913, da aka fara nuna The Rite of Spring na Nijinsky bisa kiɗan Stravinsky, inda 'yan rawa suka juya ƙafafunsu ciki suna dukan ƙasa har 'yan kallo suka kaure da ihu da zagin juna, da me aka buɗe shi? Da Les Sylphides aka buɗe, rawa mai laushi ta 'yan mata cikin fararen riguna bisa kiɗan Chopin. Da ba a fara nuna musu wannan ba, da ba su ji zafin wancan kamar yadda suka ji ba, domin ido ba ya gane saɓa wa ƙa'ida sai in ƙa'idar tana sabuwa a cikinsa. De Valois kuma ta yi rawa a ƙungiyar Diaghilev kafin ta kafa tata, daga can ta ɗauko wannan tsari. Saboda haka shiri mai kashi uku yana cikin silsilar Birmingham daidai da yadda Swan Lake take ciki.

Mu dubi Apollo da kyau, domin a cikinta hujjar take. George Balanchine yana ɗan shekara 24 ya tsara ta wa Diaghilev, bisa kiɗan da Stravinsky ya rubuta wa kayan tsirkiya kaɗai, babu ganga babu kayan busa. Labarinta daga tatsuniyoyin Girkawa na zamanin jahiliyyarsu aka ɗauko shi: wani matashin gunkinsu ne yake koyon matsayinsa a hannun mata uku, ɗaya ta waƙa, ɗaya ta kwaikwayo, ɗaya ta rawa, ya kuma zaɓi ta rawar. Yau in aka jera ta cikin shiri, ita ake kira ta gargajiya, ita ce dattijuwar dare wadda ake zuwa gaisarwa. Alhali kuwa wanda ya zura mata ido zai ga matan suna jan ƙafa a kan diddige, suna karya ƙugu gefe, suna lanƙwasa tafin ƙafa inda ƙa'ida ta ce a miƙe shi, abubuwan da malamin St Petersburg zai tsawata wa almajiri a kansu. Bidi'a ce a zamaninta, tsawon zama ne ya mai da ita sunnar fannin. Shi kansa mai ita bai ɗauke ta abin da ba a taɓawa ba, domin a 1979, shekara 51 bayan ƙaga ta, ya yanke mata babin farko gaba ɗaya. Bayan rasuwarsa a 1983 ne aka kafa wata amana a 1987 wadda ba ta barin kowace ƙungiya ta taka aikinsa sai da izininta, sai kuma ta aiko wanda ya karɓa daga majiya ya koyar ya tabbatar, wato dai ijaza. Dubi yadda cikin ƙarni guda aiki ɗaya ya tashi daga tawaye ya koma abin da ake tsarewa da sanadi. Wanda ya ce kada a karɓi sabon aiki yau, da yana Faris a 1928 da shi zai hana Apollo fitowa.

Wannan ba ya nufin duk sabon aiki Apollo ne, kuma a nan nake rabuwa da masu yabon sabo don sabuntarsa kawai. Interlinked, wadda Juliano Nunes ɗan ƙasar Barazil ya tsara bisa kiɗan Luke Howard ɗan Ostareliya, an yi ta ne a 2022 cikin bukukuwan da suka raka wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Birmingham, kuma maza da mata duk siket iri ɗaya mai shara-shara suke sawa a cikinta. Tana da kyan gani, tana gudana babu tuntuɓe, tana kuma bai wa 'yan rawa da yawa damar a gan su. Aibinta a wurina aibin jinsinta ne: akwai wani harshe na bale ta zamani da ya game duniya, na miƙa ƙafa har kunne da lauye-lauyen hannu da kiɗa mai sanyi mai maimaita kansa, wanda in ka gan shi ba za ka iya cewa a wane gari aka haife shi ba, domin matsara raye-raye 'yan ƙalilan ne suke zagaya ƙungiyoyin duniya, kowace ƙungiya tana sayen irin abin da maƙwabciyarta ta saya. Duk da haka gara a yi ta da a bari, saboda ba a samun aiki guda mai ɗorewa sai an yi goma da za a manta, kuma Diaghilev kansa ayyukan da ya biya aka yi aka manta sun fi waɗanda suka rayu yawa nesa ba kusa ba.

Ta ukun ita ce ta fi ba ni sha'awa ta fuskar hikimar jerawa. David Bintley, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar daga 1995 zuwa 2019, ya tsara ta bisa kiɗan Simon Jeffes, kuma da farko sai mai kallo ya ɗauka wasan yara ne: ga rago yana rawa, ga ɓera, ga ƙuma tana tsalle, ga biri. Sannu a hankali sai ya gane cewa duk dabbobin nan jinsinsu na gab da ƙarewa ne a bayan ƙasa, cewa tsuntsun tekun da yake hidima a farkon wasan shi ne wanda aka kashe na ƙarshensa a wani tsibirin Aisland a 1844, sai ga jakin dawa an harbe shi yana faɗuwa alhali mata masu ado da zane irin na fatarsa suna wucewa ko a jikinsu, a ƙarshe kuma ruwa ya sauko, aka ga alamar jirgi irin na Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Wanda ya sayi tikiti saboda 'ya'yansa su ga dabbobi, sai da ya zauna ya ga Apollo tukuna. Wanda ya zo don Apollo kuma bai tashi ba sai da aka yi masa wa'azi a kan ɓarnar ɗan Adam a doron ƙasa. Babu ɗayansu da zai fita daga gida don abin da ɗayan ya zo gani. Wannan shi ne babban amfanin shirin, kuma babu wata doguwar hikaya da za ta iya yin sa.

Sai dai kowane alheri da kuɗinsa, kuma kashi biyu ne masu biya. Na farko jikin ɗan rawa. Yarinyar da ta tsaya a kan yatsu da ƙarfe bakwai da rabi, ana iya nemanta ta mirgina a ƙasa da ƙarfe tara, kuma jijiyoyin da aka horar shekara goma su riƙe baya a miƙe su ne ake cewa su saki. Daga nan rauni yake shigowa, shi ya sa ƙungiyar take da cibiya ta musamman a cikin gininta don riga-kafin raunin 'yan rawa da jinyarsa. Makarantu ma sun sauya, suna koyar da hanyoyin biyu tare, ciki har da Elmhurst, makarantar da take haɗe da wannan ƙungiya, wadda ita ce ta karɓi Anthony Madu, yaron nan ɗan Legas da duniya ta ga hotonsa a 2020 yana juyi babu takalmi cikin ruwan sama. Na biyu asusu. Aiki uku na nufin malamai kashi uku, sutura kashi uku, kuɗin izini kashi uku, kuma bayan duk wannan 'yan kwanaki kaɗan ake nunawa a naɗe, alhali Nutcracker da Peter Wright ya tsara wa birnin a 1990 makonni take yi kowace shekara lokacin Kirsimeti gida cike. A Amurka ma an sha bayyana cewa wannan rawa guda takan kawo wa ƙungiyoyi da yawa kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin tikitinsu na shekara. Wane ma'aji ne zai ga haka bai ce a yi ta maimaita abin da yake sayuwa ba?

Wannan jarrabawa ta fi tsanani ga ƙungiyar lardi. Ta Landan tana da baƙi masu yawon buɗe ido, da attajirai masu kyauta, da 'yan jarida a bakin ƙofa, ko ta yi kasada ta faɗi akwai mai ɗaga ta. Ta lardi kuwa jama'arta su ne dai waɗannan na bara, kuma abu mafi sauƙi gare ta shi ne ta zama inuwar ta babban birni, tana nuna abin da ake nunawa a can da 'yan rawa kaɗan da kuɗi kaɗan. In ta yarda da haka, gwanayen matasanta za su gudu, domin ɗan rawa rayuwar sana'arsa gajera ce, da yawa kafin shekara 40 sun ajiye, kuma babu mai son ya ƙare ta a layi na uku cikin farar riga yana jiran wanda yake gabansa ya tsufa. A doguwar hikaya mutum biyu ko uku ne taurari. A shiri mai kashi uku kuwa ana iya ganin fiye da goma, kuma a kan jikinsu ake ƙaga sabon aiki, su zama su ne farkon sanadi.

Carlos Acosta, wanda ya karɓi shugabancin ƙungiyar a farkon 2020, ya san wannan sarai. Ɗan Habana ne ta ƙasar Kyuba, haihuwar 1973, auta cikin 'ya'ya 11 na wani direban babbar mota, kuma ya yi shekara 17 yana tauraro a Royal Ballet ta Landan. Dabarar da ya fito da ita ta cancanci a yi mata tadabburi. Da farko ya sa aka tsara City of a Thousand Trades a 2021 a kan birnin kansa da baƙin da suka gina shi. Sa'an nan a Satumba 2023 ya fito da bale a kan Black Sabbath, ƙungiyar mawaƙan nan masu kiɗa mai ƙara da ta taso daga unguwar Aston ta Birmingham a 1968, wadda makaɗin jitarta Tony Iommi ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe yana saurayi. Tikiti ya ƙare ƙarƙaf, kuma da yawa daga masu sayen ba su taɓa shiga kallon bale ba. To amma in ka buɗe cikin aikin, babi uku ne, kowane babi da mai tsara shi daban: Raúl Reinoso, da Cassi Abranches, da Pontus Lidberg. Wato shiri mai kashi uku ne aka lulluɓe shi da suna guda da jama'a suka sani. Haka ya sake yi a 2024 da Luna, wadda mata biyar suka tsara. Na yaba wannan basira ƙwarai, domin ta tabbatar da cewa mutane ba ƙin sabuwar rawa suke yi ba, ƙin sayen abin da ba su san sunansa ba suke yi. Amma ina da tsoro guda game da ita, shi ne cewa a irin wannan lulluɓi babu gurbin Apollo; sabo ne zalla a ƙarƙashin sanannen suna, kuma gwada tsoho da sabo kafaɗa da kafaɗa, wanda shi ne ruhin al'amarin, ya faɗi a hanya.

A watan da aka fara nuna Black Sabbath ɗin nan ne majalisar birnin Birmingham ta shelanta cewa asusunta ya karye, bisa bashin da aka ƙiyasta ya kai fam miliyan 760 na ƙarar rashin daidaita albashin ma'aikata mata da na maza, daga baya kuma ta yanke tallafin da take bai wa ƙungiyoyin fasaha da rabi a shekara ta farko, ta soke shi ɗungurungum a ta biyu. Gaskiya ne kason majalisar ƙarami ne in aka gwada shi da abin da hukumar fasaha ta ƙasa take bai wa wannan ƙungiya, amma a sana'ar da kowane shiri sai an yi lissafinsa da kyar, ƙaramin giɓi ma yakan zama hujja a bakin mai son a soke abin da ba ya kawo riba, kuma kowa ya san wane shiri ne za a fara nunawa da yatsa.

Abin da nake roƙon shugabannin wannan ƙungiya, da na takwarorinta a Leeds da Glasgow, shi ne kada shekara ta wuce ba su jera irin wannan dare ba, a sa aiki guda da aka ƙaga domin 'yan rawarsu, da aiki guda daga gajerun ayyukan da suka gada, a kuma sassauta kuɗin shiga ko da ribar Nutcracker ce za ta cike. Domin ba sabon aiki kaɗai ne ba shi da masauki sai a nan ba. Ninette de Valois kanta, wadda ta rasu a 2001 tana da shekara 102, manyan ayyukanta gajeru ne masu babi guda ko kusa da haka, kamar The Rake's Progress ta 1935 da Checkmate ta 1937, haka ma da yawa daga ayyukan matsara raye-raye Frederick Ashton da Kenneth MacMillan. Babu ɗayansu da zai cika dare shi kaɗai, saboda haka in babu shiri mai kashi uku babu inda za a taka su. Waɗanda suka karɓe su daga hannun masu su kai tsaye yanzu dattawa ne, kowace shekara raguwa suke yi, kuma takarda da faifan bidiyo suna iya riƙe inda ƙafa za ta sauka amma ba sa riƙe dalilin saukarta a wurin. In aka jinkirta shekara goma ana jiran asusu ya gyaru, za a iya samun kuɗin a lokacin da babu sauran wanda zai koyar.